Rumbunan manhaja ne suka ɗaure mutane ga Nvidia

Ana yawan cewa Nvidia ta mamaye harkar ƙirƙirarriyar basira ne don katunanta na GPU sun fi na kowa gudu. A ganina ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya riƙe masu rubuta manhaja shi ne rumbunan da kamfanin ya yi ta tarawa tun 2007, shekarar da ya fitar da CUDA, tsarin rubuta manhaja don katunansa. Katin GPU yana da dubban ƙananan masu lissafi da ke aiki a lokaci guda, amma raba musu aiki ba wasa ba ne: sai ka san inda kowace lamba take a ma'ajiya, ka kuma hana wasu zaman jiran wasu. Rumbuna irin su cuBLAS, mai ninka jadawalin lambobi, da cuDNN da ya fito a 2014, su suka ɗauke wa mai bincike wannan jidali. Layi ɗaya zai rubuta, aikin da injiniyoyi suka shafe shekaru suna gogewa ya gudana masa.

Masu kishin buɗaɗɗen tsari za su ce ai ga OpenCL, wanda ba ya zaɓen kati. Haka ne, tun 2008 ƙungiyar Khronos ta fitar da ƙa'idojinsa. Sai dai ba wanda ya zuba kuɗi ya gina masa rumbuna masu kaifin na Nvidia, har Apple da ta kawo shi ta juya masa baya a 2018, ta koma wa Metal ɗinta. AMD kuwa ta fito da ROCm da HIP, inda ta kwaikwayi CUDA kusan umarni bayan umarni. Hakan ya yi rana, domin katunanta ne ke cikin Frontier, babbar kwamfutar Amurka da ta zo ta ɗaya a duniya a 2022, amma duk sabon abin da Nvidia ta ƙara sai an sake bin ta a guje.

Shi ya sa na fi sa rai ga abin da ke faruwa a saman waɗannan rumbuna. Yawancin masu bincike yau PyTorch suke rubutawa, ba su damu da katin da ke ƙasa ba, kuma Triton da OpenAI ta saki a 2021 yana barin mutum ya tsara lissafinsa da Python, manhaja ta fassara wa katin. Za a ce ana asarar ɗan gudu. Wani lokaci ana yi, kuma manyan kamfanoni masu dubban katuna ba za su yafe shi ba. Ɗalibi ko ƙaramin kamfani kuwa, da zai samu kati mai araha ya ɗauki aikinsa ba tare da ya sake rubuta komai ba, da gudu zai karɓa.