Halin Tauraro Daga Labari Zuwa Labari

Tauraron da ke dawowa a labari bayan labari tsohon abu ne a adabin Hausa, kuma Gizo ne babban misalinsa. Tatsuniyoyin da Frank Edgar ya tattara ya buga a juzu'i uku daga 1911 zuwa 1913 sun fito daga bakuna daban-daban, amma Gizon da ke cikinsu guda ne: makwaɗaici, raggo a gona, mai tsamin baki, mai wayon da kan kai shi ya baro shi. Matarsa Ƙoƙi tana gefensa tana fama. Kura ba ta daina haɗama, Dila kuma malamin daji ne a ko'ina aka gamu da shi. Babu wanda ya rubuta wa masu tatsuniya wannan ƙa'ida. Yara masu sauraro ne suka riƙe ta, don duk kakar da ta sa Gizo ya yi kyauta ba tare da wata manufa a ƙasa ba, nan take za a ce mata ai Gizo ba haka yake ba.

Wannan tsayuwar hali ce ta ba tatsuniya damar yin doguwar tafiya. Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja a ƙarni na 18 da na 19 sukan ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Nikki da Paraku da Jugu, a arewacin Jamhuriyar Benin ta yau, kafin su kai Salaga. Wasu suka zauna, zuriyarsu ta tashi a tsakanin masu jin Dandanci da Barbanci, daga baya Faransanci ya shigo ta makaranta. Tatsuniyar da ta bi ayari tana iya sauya sunan kasuwa, ta sauya itatuwan daji da irin tuwon da aka sata. Idan ta sauya halin Gizo, ta tashi daga tatsuniyar Gizo.

Rediyo da talabijin sun gaji wannan hikima. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya shekara da shekaru yana fitowa a Samanja Mazan Fama daga Kaduna, da Hausar bariki da tsawa da ɗaga kafaɗa na tsohon soja. Matsalar kowane mako sabuwa ce, Samanja kuwa na jiya ne, kuma daɗin kallon yana cikin jiran yadda wannan sanannen hali zai yi karo da sabon lamari. Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, ya bi wata hanya: yakan sauya sana'a da sutura da suna daga fim zuwa fim, amma bakin nan da ba ya shiru, da cika baki da ke rikiɗewa zuwa tsoro da zarar an yi ido huɗu da haɗari, suna nan daram.

A wajen ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin wuraren da aka mayar da wannan al'amari ilimi mai tsari shi ne wasan kwaikwayo na kan tebur, irin Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane kan zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda, jagoran wasa ya riƙa ba da labari, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga ko abin da aka yi niyya ya yiwu. Kowane tauraro yana da takarda mai ɗauke da ƙarfinsa da basirarsa da kayan da ya mallaka. Jagora mai kula yakan ƙara da nasa littafin, inda yake rubuta yadda wani mai masauki ko ɗan kasuwa yake magana, abin da yake so, abin da yake tsoro, da alkawarin da ya ɗauka a zaman baya. Wasa ɗaya kan ɗauki watanni, har shekaru, kuma masu wasa ba sa yafe wa jagoran da ya manta cewa wane gurgu ne ko yana bin su bashi.

A wannan batu na riƙe halin tauraro ne yayin da ake ciki na finafinai masu dogon zango yake da rauni. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya zama kasuwa, masu shirya finafinan Hausa da dama sun koma ga labari mai fita mako-mako, zango bayan zango. Ci gaba ne, kuma wasu sun yi shi da kyau. Sai dai da yawa ana rubuta su ne ana ɗauka, ana duba abin da masu kallo suka fi yi wa sharhi. Sakamakon haka sai a ga uwar da aka gina a kan haƙuri da kawaici ta wayi gari tana zuwa wurin boka, ba don wani abu ya same ta ba, sai don labari yana neman rikici. Mugun da ya yi farin jini sai a wanke shi dare ɗaya don kada a rasa shi. Talakan da aka sani da tauri a kan gaskiya ya karɓi cin hanci, mako biyu bayan nan a ci gaba da yabonsa kamar ba a yi ba. Wannan raini ne ga mai kallon da ya ba da lokacinsa da kuɗin datarsa, kuma yana zubar da ainihin jarin da dogon labari yake da shi, wato sabo.

Ba a ce tauraro ya daskare ba. Gizo ba ya girma saboda kowace tatsuniya daga farko take farawa, amma tauraron dogon zango yana da jiya, don haka dole ya sauya. Sharaɗin shi ne a ga dalili. Mai haƙuri yana iya ƙosawa idan an nuna abin da ya riƙa cin sa a rai, kuma ko ya fusata, da irin bakinsa zai yi faɗa, ba da na wani ba. Sauya ɗan wasa ma ba shi ne matsala ba. Masu kallo kan saba da sabuwar fuska idan halin bai gushe ba.

Maganin ba shi da tsada. Kowane shiri yana buƙatar littafi guda da ke ɗauke da tarihin kowane tauraro, danginsa, karin maganarsa, abin da ba zai taɓa yi ba, da wanda ya san wane sirri, sannan mutum guda da aka ɗora wa alhakin duba kowane sabon rubutu da shi kafin a kunna kyamara. Buƙatar ta fi tsanani ga mai kallo na nesa, kamar na zangon Paraku ko Jugu, wanda sau da yawa fim kan iso masa ta waya daga hannun aboki, kashi na talatin kafin na ashirin, wani kashin ma bai zo ba sam. Irin wannan mai kallo da halin taurari yake gane inda labari ya kwana.