Damin Fure a Hannun Amarya: Nazarin Wata Al'adar Turai

A bikin Turawa amarya ba ta fitowa hannu rabbana. Tana riƙe da ɗan damin fure, kuma damin nan yana da tarihinsa da ƙa'idar haɗa shi.

A zamanin da, mutanen Turai kan riƙe ɗaurin ganyaye masu ƙamshi kusa da hanci, domin sun ɗauka mugun wari ke kawo annoba. A ƙarni na 19 abin ya rikiɗe ya zama ado mai ɗauke da saƙo, aka raba wa kowane fure ma'anarsa, har aka wallafa littattafai a kai a Faransa da Ingila. Gidan sarautar Ingila ya ƙara wa al'adar daraja. A 1845 kakar Yarima Albat ta ba matarsa, Sarauniya Biktoriya, wani dami a ƙasar Jamus, a cikinsa akwai reshen matil, wani tsiro mai ƙamshi da ke nuna soyayya. Aka dasa reshen a gidan Sarauniyar na Osbon, ya kama. A 1858 babbar 'yar Biktoriya ta riƙe reshen matil ranar aurenta, kuma har yau amaren gidan ba su bar wannan gado ba.

Haɗin kansa aikin haƙuri ne. Za a yanke kowane kara a karkace don ya sha ruwa sosai, a zage ganyen ƙasa da ƙayar wardi, a bar su cikin ruwa mai sanyi na wasu sa'o'i. Sai mai haɗi ya ɗauki fure mafi kyau ya sa a tsakiya, yana jingina sauran ɗaya bayan ɗaya, duk su kwanta fuska guda, yana juya damin a hannunsa har saman ya yi kamar kifaffiyar ƙwarya. A inda yatsunsa suka riƙe, nan zai ɗaure da zare, ya naɗe da ƙyalle, ya daidaita gindin da almakashi. In kara ɗaya ya saɓa wa 'yan'uwansa, damin zai karkace.

A nan ƙaramin dami ya fi babba wuya, domin ba shi da wurin ɓoye kuskure. Na Gimbiya Dayana a 1981 ƙato ne mai zubowa ƙasa, ya yi gogayya da rigarta wajen jan ido. Na Ket, wata amaryar gidan sarautar, a 2011 ɗan kaɗan ne, yawancinsa ƙananan fararen furanni masu siffar ƙararrawa, da reshen matil. A ganina na biyun ya fi cika manufa, don ya bar amarya ta fito.

Yau wasu amarenmu a Kano da Kaduna da Abuja na riƙe fure a wajen liyafa, sau da yawa na roba, marar ƙamshi balle labari. Mu da muka san darajar lalle da turaren wuta bai kamata mu ari siffa mu bar ma'ana ba. Amaryar da ke son riƙe fure ta nemi na gaske, ɗan kaɗan, wanda ƙawa ko 'yar'uwa ta ɗaure mata da hannunta.