Adon Bango a Tudun Wada

A tsofaffin layukan Tudun Wadar Zariya akwai sauran zaurukan da ke sa mai wucewa ya rage sauri. Ga dagi a saman ƙofa, ga takobi, ga keke da agogo, duk sun taso daga jikin bango. Tun a 1963 Anthony Kirk-Greene ya fitar da littafi kan gidajen Zariya masu irin wannan ado.

Daga kwaɓi aikin ke farawa. Magini zai haɗa jar ƙasa da ciyawa da ruwa, a tattake, a bar ta ta kwana har ta yi danƙo. Sai ya yi yaɓe, ya tsaya ya jira. A wannan jiran gwanintar take: in yaɓen ya cika ɗanye zanen zai zube, in ya bushe ba zai kama ba. Tafin hannu ne ke faɗa masa lokaci ya yi. Da ɗan yatsa zai ja zanen, babu takarda, babu ma'auni, amma zaren dagin ya shige ta ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito daidai inda ya kamata. Sannan ya murza ƙasa siririya, ya bi layin yana ɗorawa yana dannawa, yana shafewa da jiƙaƙƙen hannu.

Bayan nan sai makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, mai kare bango daga ruwan damina. Launi ne ƙarshe. Dā farar ƙasa ce da shuni, yau siminti da fenti sun shigo, kuma gwani ya san ba a zuba launi ko'ina. Inda ya bari fari ne ke fito da inda ya shafa.

Me ya sa ake taso da zanen? Don inuwa. Hantsi na ba shi fuska ɗaya, la'asar ta ba shi wata, shi ya sa ido ba ya ƙoshi. Kwarjinin kuwa daga nan yake: ka san ƙasar da kake takawa ce, amma ka kasa gane yadda hannu ya kai ta nan. Masu zaman hira a gindin bangon sun sha inuwarsa, magini ko tun sanyin safiya yana kan tsani.

Garin da ya yi Babban Gwani Malam Mikaila, maginin Masallacin Juma'a na zamanin Sarki Abdulkarim, bai kamata ya rasa magada ba. Mai tsohon zaure, kafin ka rushe, nemi magini ya duba maka shi.