Sharhi a Kan Tallan Kamfanin Reluwe na Santa Fe

A wannan ɗan sharhi ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai ga kalandu da takardun talla waɗanda kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya riƙa bugawa a Amurka, waɗanda yau masu tara kayan tarihi ke rububinsu.

Ta fuskar fasaha ba su da makusa. Tun 1914 kamfanin ya soma sa zanen E. Irving Couse a kalandunsa, inda za ka ga Ba'indiye ɗan asalin ƙasar tsugune gaban wuta, shiru abinsa. Jirgin alfarma da ya fara zirga-zirga tsakanin Shikago da Los Angeles a 1936 ma Super Chief aka raɗa masa, wato babban sarki.

To amma fa a nawa ra'ayi kyan ɗan maciji ne. A jihohin Arizona da New Mexico, inda layin ya ratsa, sai a 1948 kotuna suka tabbatar wa Indiyawa mazauna keɓaɓɓun yankunansu 'yancin jefa ƙuri'a. Haka kuma 'yan ƙabilun Navajo da Laguna da dama sun yi wa kamfanin leburanci, amma kalandun ba su nuna su riƙe da diga. An mai da su ado, kamar duwatsu da faɗuwar rana, don fasinja ya yanki tikiti.

Saboda haka duk ɗalibin da zai nazarci irin waɗannan takardu, idan ya gama yaba zanen, ya tambayi wanda aka zana, da wanda ya ci ribar.