Gobara a Babin Ƙarshe: Yadda Za Mu Zaɓi Littattafan Faɗakarwa a Dogon Hutu

Dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. A garuruwa irin su Zauro, da ke kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, lokaci ne da samari ke yini a fadama, 'yan mata kuma suna fama da girki da kai abinci gona. Da dare ya yi, kowa sai ya rungumi waya. Iyaye da yawa sun haƙura da hana karatun littattafan Hausa, abin da suke roƙo kawai shi ne a karanta mai faɗakarwa. Marubuta sun ji wannan roƙo. Shi ya sa da wuya ka buɗe sabon littafi a WhatsApp ko Wattpad ko ArewaBooks ba ka tarar da bisimilla da salati a farkonsa ba, tare da alkawarin cewa akwai darasi a ciki.

Sai dai kalmar faɗakarwa a goshin littafi ba ta isa shaida ba. Abin da ya kamata mu duba shi ne hoton da labarin ke bar wa mai karatu game da yadda Allah ke tafiyar da al'amuran bayinsa. A nan ne littattafai da yawa masu kyakkyawar niyya suke yin tuntuɓe.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun saba da wata ƙa'ida da ake gina kusan komai a kanta: in kaza ya faru, to a yi kaza. In lambar sirri ta yi daidai, na'urar cire kuɗi ta ba ka kuɗinka. In ka yi ta kuskurewa, ta toshe katin. Na'ura ba ta san jinkiri ba, ba ta san rahama ba, ba ta da wata hikima da ta ɓoye maka. Abin mamaki, a kan wannan ƙa'ida aka gina da yawa daga cikin littattafan faɗakarwar da ke yawo a wayoyinmu. Muguwar kishiya ta bi boka, sai ta haukace a babi na arba'in. Alhaji ya wulaƙanta matarsa, sai shanyewar ɓarin jiki. Yarinya ta bijire wa iyaye, sai haɗarin mota a hanyar Abuja. Ita kuwa mai haƙuri, ladarta ba ta wuce miji mai kuɗi da gidan bene da kujerar Makka.

Ba muna cewa Allah ba ya kama azzalumi tun a duniya ba. Ƙarshen Fir'auna da na Ƙaruna kowane ɗan Islamiyya ya san su. Amma wannan ɗan Islamiyyar ya kuma san cewa Annabi Yusufu ya yi shekaru a kurkuku ba da laifinsa ba, Annabi Ayuba ya daɗe cikin jinya alhali yana cikin zaɓaɓɓun bayi. Labarin da ya ɗauki ɓangare guda ya bar ɗayan ya rage wa addini faɗi, ko da akwai aya a kowane shafinsa.

Wani zai ce ai labari ne kawai, mene ne abin damuwa? Damuwar tana bakin ƙofarmu. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a Jihar Kebbi, har da fadamun gulbin Rima da ke tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Cikin waɗanda ruwa ya cinye wa noma akwai masu fitar da zakka, akwai masu salla a sahun gaba, akwai waɗanda bashi suka ci suka sayi taki. Yarinyar da ta karanta littafi talatin, kowanne yana koya mata cewa masifa rasit ce ta zunubi, da wane ido za ta kalli mahaifinta ranar da ya dawo daga fadama hannu wofi? Da wane ido za ta kalli maƙwabciyar da aka saki, ko wadda ba ta haihu ba? Ranar da jarrabawa ta iso kanta kuma, bayan ta yi haƙuri ta yi biyayya amma mai gidan bene bai zo ba, wa za ta zarga? Imanin da aka gina a kan lissafin riba yana saurin tsagewa idan lissafin bai fita ba.

Don a ga cewa akwai wata hanyar, mu koma wa tsohon littafi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Shaihun da kansa ne ke ba almajiransa labarin rayuwarsa a Rauta: yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu har ya zama malami. Wadda ta fi ɗaukar nauyin labarin ita ce mahaifiyarsa. Ta bar gida neman ɗanta, ita ma aka mayar da ita baiwa, ta sha wuya shekara da shekaru, da ta same shi kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Ba ta yi laifin komai ba, marubucin kuma bai biya ta da dukiya ba. Ya bar mai karatu da baƙin cikin, ya bar sakamakonta a hannun Allah. Wannan shi ne tawakkali a cikin labari, kuma ya fi wa'azin shafi goma shiga zuciya.

Littafin yana da nasa rauni. Umar yana karɓar duk abin da ya same shi da sanyin da wani lokaci ya yi yawa, kuma an nuna Abdulkarim a matsayin uba nagari ba tare da an tsaya an tuhumi sana'arsa ta sayen mutane yadda ya kamata ba. Wannan ma abin tattaunawa ne da yara: shin yarda da ƙaddara na nufin yin shiru a kan zalunci? Littafi ne gajere, ana iya gama shi cikin dare biyu ko uku, kuma ya dace da ɗan ƙaramar sakandare. Wanda ya samu fim ɗinsa na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni, sai ya haɗa da shi.

Na biyu shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. A kallon farko, wannan littafi ma yana tafiya ne a kan ƙa'idar in kaza to kaza, sunansa kaɗai ya faɗi haka. Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu, daga baya gobarar kasuwa ta cinye masa dukiya, Delun ma ba ta zauna ba. Da a nan aka tsaya, da bai bambanta da ɗaruruwan da suka biyo bayansa ba. Abin da ya ɗaga shi shi ne Rabi. Mun ga yadda take dafa abincin sayarwa don ta ciyar da yara ta biya musu makaranta, mun ga ta fara tsayawa da ƙafarta. Sai kuma a ƙarshe a taru a kanta a matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da komai. Gobarar ta hukunta Abdu, amma wadda za ta ɗauki ɗawainiyarsa ita ce dai wadda aka zalunta. Marubuciyar ba ta shafa wa wannan ƙarshe zuma ba. Mai karatu zai rufe littafin yana tambayar kansa ko abin da aka kira haƙuri a nan umarnin addini ne ko kuwa sauƙin da maza suka nema wa kansu. Littafin da ya bar ka da irin wannan tambaya ya faɗakar da kai da gaske.

Na uku, Wa Zai Auri Jahila? na marubuciyar dai. An cire Abu daga makaranta aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta, ta gudu Kano, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙarfinsa shi ne bai jefar da addini don ya kare Abu ba, a cikin addinin ya nemo mata hujja, ya bambance abin da shari'a ta ce da abin da al'ada ta ɗora mata. Rauninsa kuwa, nasarar Abu ta zo a cike har ta yi kusa da waccan na'ura da muke kuka da ita. Duk da haka nasarar ta fito ne daga karatunta da wahalarta, ba daga haɗarin motar maƙiyanta ba. A ƙasar Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar, kuma a yankin da 'Yan Taru na Nana Asma'u suka yaɗa ilimi tsakanin mata, bai kamata wannan hujja ta zama baƙuwa ba. Littattafan Balaraba biyun sun fi dacewa da 'yan babbar sakandare da manya.

To, ina batun sababbin da ke fitowa kullum a waya? Akwai masu kyau a cikinsu, kuma ba adalci ba ne a yi musu kuɗin goro. Amma ya kamata mai karatu ya san yadda kasuwar ke aiki. Marubuciya takan saki shafukan kyauta, ta tsaya daidai inda rai ya rataya, sannan a tura kuɗi kafin a shiga zauren da ake ci gaba. Wannan tsari yana ba da lada ga abin da ke hana barci, ba ga abin da ke sa tunani ba. Daga nan ne aka samu nau'in littafin da zai kwashe babi hamsin yana kwatanta alfasha dalla-dalla, sai a babi biyun ƙarshe a kawo ciwo, a kawo malami, a yi tuba. Tubar nan lasisi ce kawai. Abin da zai zauna a kan mai karatu shi ne babi hamsin ɗin, domin a can marubuciyar ta zuba gwanintarta.

Hani kuma ba zai yi magani ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da sunan gyaran tarbiyya. Rubutun bai mutu ba. Bayan 'yan shekaru ya koma waya, inda babu ashanar da za ta kai gare shi. Abin da ya rage mana shi ne mu koya wa kanmu da ƙannenmu yadda ake auna littafi.

Ma'aunin ba shi da wuya. Da farko, ka cire ayoyi da hadisan da ke cikin littafin a zuciyarka, ka ga ko labarin zai canza. In bai canza ba, to ado aka yi da su. A littafin kirki, imani yana sa mutum ya yi zaɓin da zai jawo masa asara: ya faɗi gaskiya ya rasa aiki, ya mayar da amana alhali yana cikin bashi, ta yafe alhali tana da ikon ramawa. Sannan ka duba ko akwai mutumin kirki ko guda da ya sha wuya har ƙarshe ba a biya shi a duniya ba, da kuma mai laifin da aka bar masa ƙofar tuba ba sai an karya masa ƙashin baya ba. Ka kuma lura da inda marubuci ya fi ɓata tawadarsa, wurin zunubin ko wurin abin da zunubin ya jawo wa mutane. Daga ƙarshe, duk hadisin da aka kawo ba a faɗi inda aka ciro shi ba, kada ka tura wa kowa sai ka tambayi malami. Marubucin labari ba muhaddisi ba ne, kuma maganar da aka jingina wa Annabi (SAW) ba abin wasa ba ce, ko da a bakin tauraron littafi aka sa ta.

Ga iyaye da yayye, shawararmu ita ce kada a tsaya a tambayar ko littafin na faɗakarwa ne. A karanta babi uku na farko da biyun ƙarshe, minti talatin sun isa. In an gama littafi, a tambayi yaro wa ya fi ba shi tausayi a ciki, kuma me ya sa. Amsar za ta nuna abin da littafin ya shuka. In ya ce ya ji daɗi da muguwar ta haukace, to an koya masa murna da masifar wani. In ya ce mahaifiyar Umar ce ta tsaya masa a rai, to ya fara gane cewa wahala ba hujja ba ce a kan mai ita.

Ga marubutanmu kuma, musamman na nan Kebbi da ba su kai na Kano yawa a kasuwa ba, akwai labaran da ke jiran mai rubutawa. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa ya fito sallar asuba washegari. Masuncin Argungu da ya tsinci abin da ba nasa ba a shekarar da kifi ya yi ƙaranci. Matar da ta riƙe marayun kishiyarta ba wanda ya gode mata. Ba sai an ƙona kasuwa ba kafin irin waɗannan su zama darasi. A rubuta su yadda suke, a bar hisabi ga Mai shi.