Fuska a rufe, ƙasa ba suna: nazari a kan fim ɗin American Ninja 4

1. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda za ta duba fim guda, watau American Ninja 4: The Annihilation, wanda kamfanin Cannon na Amurka ya yi a 1990. Ba don kyansa muka zaɓe shi ba. Masu nazarin sinima a ƙasarmu sun fi karkata ga aikin su Oumarou Ganda da Moustapha Alassane da Djingarey Maïga, kuma sun cancanci haka. Amma duk wanda ya san gidajen bidiyo na Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai a shekarun 1990 ya san ba waɗannan ne ke cika benci ba. Abin da yara ke biyan ƴan dalolinsu su gani shi ne Indiya, da sinuwa, da finafinan naushi na Amurka. Jerin American Ninja yana cikinsu, kuma na farko da na biyu sun yi yawo a kaset da sunayensu na Faransanci, American Warrior da Le Ninja blanc. Abin da jama'a suka kalla da yawa haka ya kamata a yi masa hisabi, ko da bai yi kyau ba.

Idan aka ce fim irin wannan ya lalace, amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin kuɗi. Mu muna ganin wannan amsa ba ta isa ba. Abin da za mu nuna shi ne, fim ɗin an gina shi ne bisa ɓoyo: ya ɓoye mai faɗan, ya ɓoye mai wasan mugu a bayan rawani, ya kuma ɓoye ƙasar da aka ɗauke shi.

2. Asalin jerin

Menahem Golan da Yoram Globus, ƴan Isra'ila, sun sayi Cannon a 1979. Dabararsu sananniya ce: a zana hoton talla, a sa suna mai jan hankali, a sayar wa masu rarraba fim na ƙasashe a kasuwar Kan ta Faransa, sa'an nan a je a yi fim ɗin da kuɗin da aka karɓa. Su ne suka cusa wa Amurka ninja da Enter the Ninja a 1981, da Revenge of the Ninja a 1983, da Ninja III a 1984. A 1985 Sam Firstenberg ya yi musu American Ninja a ƙasar Filifin. Jarumin, Michael Dudikoff, bai taɓa koyon faɗa ba kafin nan. Daga tallar tufafi da wasan telebijin ya fito. Abin da ya riƙe fim ɗin shi ne abokin tafiyarsa, Steve James, baƙar fata mai ƙirar ƙarfi da barkwanci, wanda ya iya faɗa na gaske. Ɗaya shiru-shiru, ɗaya mai baki, sai abin ya daidaita. Haka suka sake yi a na biyu a 1987.

Daga nan kamfanin ya shiga bashi. Superman IV da Masters of the Universe, dukansu na 1987, sun ci kuɗi ba su maido ba, kuma Golan ya bar Cannon a 1989. A wannan shekara aka yi na uku ba Firstenberg, ba Dudikoff; aka kawo Cedric Sundstrom, ɗan Afirka ta Kudu, ya ba da umurni, aka kawo David Bradley a matsayin sabon jarumi mai suna Sean Davidson. A na huɗu sai aka dawo da Dudikoff, aka bar Bradley, aka rasa Steve James. Ke nan an sami jarumawa biyu masu shiru, ba mai ba da dariya ko ɗaya.

3. Labarin

An kama wasu sojojin Amurka a wata ƙasa ta Afirka. Masu riƙe da su mutum biyu ne: Kanar Mulgrew, Baturen Ingila mai ƙin Amurkawa, da wani attajiri Balarabe, Shehu Ali Maksood, wanda ke da bam na nukiliya da zai shiga akwati, yana nufin ya kai shi Niyok. Suna da rundunar ninja a wata tsohuwar ganuwa. Aka taso Sean da abokinsa Carl daga tsakiyar ɗaurin auren Carl, aka jefa su da lema. Suka gamu da wani yaro, Pango, da wata malamar asibiti Ba'amurkiya, Sarah, sa'an nan su ma aka kama su. Sai a lokacin, bayan an ci kusan rabin fim mai minti 99, aka tuna da Joe Armstrong, watau Dudikoff, wanda sunansa ne a saman kwalin kaset. Ya bar soja, yana koyar da yara a makaranta. Ya ƙi, ya dawo ya yarda, ya je ya nemi taimakon wasu ƴan tawaye a wani wuri da ake kira Sulphur Springs, suka fasa ganuwar a daidai lokacin da za a ƙone fursunonin a ɗaure.

Tsarin labarin da kansa ya tona asirin cinikin da aka yi. Rabin farko fim ɗin Bradley ne, rabin ƙarshe na Dudikoff, kuma da ƙyar za ka ga su biyun a hoto ɗaya. Don a buɗe wa na biyu hanya, dole aka ɗaure na farko a kurkuku. Mai kallo da ya biya don ya ga jarumawa biyu kafaɗa da kafaɗa ya sami rabin fim biyu da aka ɗinke.

4. Faɗan

A nan ne ya kamata a daɗe, domin fim na faɗa, in an yafe masa labari, ba a yafe masa faɗa. Mutumin da ya saba zama a filin kokawa ya san abin da ido ke nema: ƙafa. Inda ɗan kokawa ya dasa ƙafarsa, da yadda ya karkata ƙugu, da lokacin da nauyin abokin karawa ya bar ƙasa, su ne labarin. Wanda ya ga faɗuwa kawai bai ga kokawa ba. Haka yake a sinima. Ana son a ga jikin mutum biyu tun daga kai har ƙafa, a bar na'ura ta ɗauki bugu da kariya da ramuwa a jere ba yankewa, domin mai kallo ya gane dalilin da ya sa wane ya ci wane.

Mutanen Hon Kon sun san wannan, kuma ba da kuɗi suka san shi ba. Snake in the Eagle's Shadow da Drunken Master, waɗanda Yuen Woo-ping ya yi da Jackie Chan a 1978 a ƙaramin kamfanin Seasonal, ba su da ganuwa, ba su da jirgi mai saukar ungulu. Fili ne da ciyawa da mutum biyu da suka yi shekaru suna horo. Amma kowane bugu ana ganin mafarinsa da maƙarinsa, kuma horon da aka nuna a tsakiyar fim shi ne ke ba da nasara a ƙarshe, ta yadda yaron da ke bakin benci zai ce: ga abin nan da tsohon ya koya masa.

American Ninja 4 ya fi su kayan aiki, ya kasa su a wannan. Ninjojinsa suna da yawa, an yi musu tufafi kala-kala, baƙi da ja da shuɗi da rawaya, abin da ya riga ya rusa ma'anar ninja, tun da sana'arsa ke nan kada a gan shi. Suna kewaye jarumi su ashirin, sa'an nan su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar masu layin karɓar magani, sauran suna karkaɗa makami a baya suna jiran a kira su. Bugu ɗaya ke kashe kowanne. An nuna mana doguwar fitowa ta horonsu a kan dutse, ana faɗuwa ana mutuwa, don mu ji tsoronsu. Amma ba abu ɗaya daga horon da ya sake fitowa a faɗan ƙarshe. In abokin gaba ba shi da nauyi, nasara a kansa ba ta da daɗi.

Sai maganar ƙyallen rufe fuska. Bradley ya iya karate, kuma a ƴan wuraren da aka bar shi da fuska a buɗe, aka ja na'ura baya, ana ganin aiki. Dudikoff kuwa, da zarar faɗa ya yi zafi sai ya rufe fuska, daga nan ba mai iya rantsuwa cewa shi ne a cikin tufafin. Ƙyallen ya zama hanyar sauya mutum ba tare da an sani ba, kuma shi ne ke ba da damar a kashe ɗan wasa guda sau goma a launi dabam-dabam. Amfani da mai maye gurbi ba laifi ba ne; kowace sinima tana yi. Laifin shi ne a rasa abin da ke haɗa mai kallo da faɗan, watau fuskar mai gajiya, mai jin zafi, mai tsoro. Yara a gidajen bidiyo suna raba mutanen fim gida biyu, aktar da shaf-bandi, kuma duk jiransu na karon ƙarshe ne tsakanin su biyun. A nan karon Joe da babban ninja gurnati ne ya raba shi. Bayan awa ɗaya da rabi ana yabon takobi da hannu, an koma ga kayan soja.

Bam ɗin ma haka. Shehun ya tsere da shi a jirgi mai saukar ungulu, Carl ya harbo jirgin da roka, jirgin ya tarwatse, kowa ya koma harkarsa. Abin da aka ce zai shafe Niyok bai ko ƙona ciyawar da ke ƙasa ba.

5. Shehun

Ron Smerczak ne ya fito a Ali Maksood. Bature ne haifaffen Ingila da ya yi aikinsa a Afirka ta Kudu. Aka naɗa masa rawani aka ba shi alkyabba. Ba a gaya mana ƙasarsa ba, ko abin da aka yi masa, ko abin da yake so bayan kisa. Yana ambaton sunan Allah yana shirya halaka birni, shi ke nan halinsa. Wannan ba sabon abu ba ne a Cannon: Golan da kansa ya yi The Delta Force a 1986, kuma Jack Shaheen, a littafinsa Reel Bad Arabs na 2001 da ya bi finafinai fiye da 900, ya nuna yadda aka daɗe ana maimaita wannan siffa ta Balarabe. Abin lura gare mu shi ne inda kaset ɗin ya sauka. A garuruwan da kusan kowa Musulmi ne, yara sun zauna suna tafa wa wanda ya harbo mai rawani. Ba mu ce fim ɗaya ya canza wa kowa aƙida ba. Amma a aikin fasaha kawai, mugun da ba shi da dalili raggon rubutu ne, kuma James Booth, wanda ya rubuta labarin ya kuma fito a Mulgrew, ya ajiye wa kansa duk ƴan maganganun da ke da gishiri.

6. Ƙasar da ba ta da suna

An ɗauki fim ɗin a kudancin Afirka, da duwatsun Lesoto a bayansa, da mai ba da umurni da yawancin ƙananan ƴan wasa daga Afirka ta Kudu. Na biyu da na uku ma a Afirka ta Kudu aka yi su, aka ce wai tsibiran teku ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A shekarun 1980 gwamnatin wariyar launin fata ta buɗe hanyar rangwamen haraji ga masu zuba kuɗi a fim, sai ƙananan kamfanonin waje suka yi ta kwarara can, alhali tun 1980 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi masu fasaha su ƙaurace wa ƙasar. Wanda ya je ya yi aiki a wurin yana da dalilin da zai sa kada wurin ya yi kama da kansa. Nelson Mandela ya fito daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990, shekarar da fim ɗin ke ɗauke da ita. Ba inuwar wannan ko kaɗan a cikinsa.

Saboda haka Afirkar da muke gani ba ta da harshe, ba ta da tarihi, ba ta da kasuwa mai ciniki. Akwai mashaya don a yi faɗa a ciki, akwai ganuwa don a fasa. Baturen Ingila ke juya masu kaki, Balarabe ke juya kuɗi, mayaƙan Japan ke tsaron gida, Amurkawa ke zuwa ceto. Mutanen ƙasar kuma, da aka tashi ba su rundunar tawaye, sai aka yi musu shigar Mad Max 2 na 1981: fatu da sarƙoƙi da motocin bola. Watau ko tufafinsu daga wani fim aka aro.

Akwai wani abu da mai kallo na Nijar zai gane fiye da na Amurka. Joe da Sarah duka an ce ma'aikatan Peace Corps ne, ƙungiyar da muka sani da Corps de la Paix, wadda ta yi aiki a ƙasar nan daga 1962 har 2011, kuma ƴaƴanta da yawa sun zauna a ƙauyuka sun koyi Hausa da Zabarmanci. Zargin da ƙungiyar ta daɗe tana kore wa kanta a ƙasashe da dama shi ne na leƙen asiri. Sai ga fim na Amurka ya nuna malamin makarantarta tsohon soja ne, wanda jami'an gwamnati ke zuwa ɗauka daga aji in aikin kisa ya taso. Marubucin bai yi nufin kome da wannan ba, yana neman inda zai ajiye jaruminsa na minti 45 ne kawai.

Shugaban ƴan tawayen, Dokta Tamba, Ken Gampu ne, wanda aka haifa a 1929 ya rasu a 2003. Yana cikin baƙaƙen Afirka ta Kudu na farko da suka yi suna a sinimar duniya: Dingaka, da The Naked Prey na Cornel Wilde, da Zulu Dawn a 1979, da The Gods Must Be Crazy a 1980 inda ya fito a shugaban ƙasa. Shi ne mutum guda a fim ɗin nan da in ya tsaya ya yi magana ake jin akwai mutum a wurin. Muryarsa da tsayuwarsa sun fi rubutun da aka ba shi. An ba shi ƴan mintoci, kuma aikinsa a cikinsu shi ne ya tara wa Joe Armstrong mutanen da za su mutu a ƙofar ganuwa.