Idon da ke Karanta Hanta

Sau da yawa ba hantar aka je dubawa ba. Mace daga Sabuwa ta je hoton ciki saboda ciwon mara, ko manomi daga Faskari ya je saboda kumburin ciki, sai ga wani ɗan ɗigo a hanta wanda bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Daga nan hankalin gida ya tashi, don kowa ya san abin da ciwon daji ke yi. Alhali yawancin irin waɗannan ɗigo-ɗigon ba su da illa. Likitan hoton da ya iya raba na banza da mai kisa, ni dai ina cire masa hula.

Da na'urar sikanin yake farawa, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Idan jakar ruwa ce, baƙa ƙirin take fitowa, gefenta sumul, bayanta da haske. Idan dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini ne, wanda mutum kan rayu da shi har tsufa bai sani ba, yawanci fari tas yake. Amma idan ya ga ɗigo da duhu-duhun zobe kewaye da shi, sai ya gyara zama, domin haka dajin da ya yaɗo daga hanji ko nono yakan bayyana.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne hoton CT ko MRI. Hanta tana samun kusan kashi 75 cikin 100 na jininta daga jijiyar da ke tasowa daga hanji, sauran daga wadda ke kawo jinin zuciya. Shi kuwa dajin hanta daga ta biyun yake sha. Saboda haka sai a zuba wa mutum ruwan rini ta jijiya, a ɗauki hoto bayan kamar daƙiƙa 35, a sake a wajen daƙiƙa 70, a kuma sake bayan minti 3 zuwa 5. Dajin hanta yakan yi haske tun a hoton farko, kafin sauran hantar, sannan ya saki rinin ya dushe. Dunƙulen jijiyoyi kuwa daga gefe yake fara cika, a hankali har tsakiya, kuma ya riƙe. A hoto ɗaya suna iya kama da juna, saurin shan rinin da sakinsa ne ke tona asiri. Likitocin hoto na Amurka sun tsara wannan karatu a ma'aunin LI-RADS tun 2011, mai hawa 1 zuwa 5.

Gwani kuma sai ya tambayi mai hantar. Ɗigon da ba a damu da shi ba a lafiyayyar hanta abin tsoro ne a hantar da cutar hepatitis B ta cinye. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya suna ɗauke da ita. Yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kuma ƙasar masara ce, gubar fumfunar da ke kama hatsin da bai bushe ba tana ninka haɗarin. Wani lokaci hukuncin gwani shi ne a jira: ɗigon da bai kai santimita 1 ba, a sake duba shi bayan 'yan watanni.

Ga mutumin da sai ya sayar da buhunan masara, ya bi hanyar da ba kullum take da aminci ba kafin ya isa asibitin koyarwa na Shika ko na Katsina, wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne. Jama'a, a je a yi gwajin hepatitis B. Wanda aka samu da ita ya tambayi likitansa maganar duba hanta duk wata 6, kada ya jira sai ciki ya kumbura.